SAYEN GIDA A GARI: ABIN DA ZA MU DUBA KAFIN KUƊI YA BAR HANNUNMU

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na shugabannin ƙungiyoyin manoma da na zumuntar mata. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su sami zuwa ba.)

  Na san waɗansunku sun taso tun da asuba, waɗansu kuma sun bar aiki a gona, saboda haka ba zan ɓata muku lokaci ba.

An ce in yi magana a kan sayen gida. Wataƙila wani zai ce, mu mutanen ƙauye ina ruwanmu da sayen gida, tun da kowa yana zaune a gidan ubansa? Amma ku duba cikinku. Akwai wanda 'ya'yansa suke karatu a Jos ko Kafanchan ko Bauchi, kuɗin haya yana cinsa kowace shekara. Akwai malamin makaranta da ya yi ritaya, an biya shi giratuti, yana neman inda zai sa kuɗin kada ya narke. Akwai wanda dankali ko citta suka yi masa albarka shekara biyu a jere. Akwai kuma waɗanda rashin zaman lafiya ya tashe su daga ƙauyensu, dole suka nemi wurin zama a gari. Yawancinmu sau ɗaya tak za mu sayi gida a duniya, kuma da kuɗin da muka yi shekaru muna tarawa. Idan an yi kuskure, babu wani kuɗin gyara.

Bari in fara da labarin kawuna. Ya koyar a makarantar firamare shekara 35. Da kuɗin sallamarsa ya fito, wani dillali ya kai shi ya ga gida a bayan gari, a watan Fabrairu. Ɗaki huɗu da rijiya, an shafa sabon fenti ciki da waje, farashin kuma da sauƙi. Dillalin ya ce masa akwai wani mai kuɗi da zai zo gobe, idan bai yi sauri ba gidan ya tafi. Kawu ya biya cikin kwana uku. A watan Agusta na shekarar nan ruwa ya shiga har gwiwa, buhunan masara da takardun yara duk suka jiƙe. Da fentin ya ɓare, sai ga layin ruwan shekarun baya a jikin bango. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin layin ta ce masa, "Malam, ai da ka tambaye mu. Kai ne na uku a gidan nan." Tambaya guda ga mai ƙosai da ta cece shi, amma bai yi ba.

Abin da nake so mu tafi gida da shi ke nan. Abin da ido ke gani ranar farko, wato fenti da ƙofar ƙarfe, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ciniki. Abin da zai sa ka zauna lafiya ko ka yi kuka yana ɓoye a ƙasan da aka yi ginin, da wanda ya mallaki gidan, da takardarsa. Waɗannan kuwa sai da tambaya da haƙuri ake ganinsu.

Ka fara da lissafi a gida

Kafin ka nemi dillali, ka zauna da matarka da manyan 'ya'yanka. Don me muke son gidan? Idan don yara masu karatu ne, kusancin makaranta da kuɗin mota ya fi girman falo muhimmanci. Idan don tsufa ne, a duba nisan asibiti. Idan don a ba da haya ne, a duba ko akwai masu neman haya a unguwar. Mata ne suke ɗebo ruwa, su ne suke girki, su ne suka fi daɗewa a cikin gida, saboda haka kada a kai uwargida ta ga gida bayan an riga an biya.

Sa'an nan ka san cewa farashin gida ba shi ne dukan kuɗin da za ka kashe ba. Akwai la'adar dillali, da kuɗin lauya, da na safiyo, da na canja suna a ofishin filaye, da gyare-gyaren da ba a rasawa. Shawarata ita ce, idan kana da naira miliyan 5, ka nemi gidan miliyan 4, ka bar sauran domin waɗannan. Kada kuma ka sayar da gonar da take ciyar da kai gaba ɗaya domin ka sayi gida a gari, gama bango ba ya ba da abinci.

Ka je da damina

Da rani kowane gida kyakkyawa ne. Lokacin ganin gida shi ne Yuli da Agusta, kuma a je bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, a ga inda ruwan yake bi da inda yake kwanciya. Idan ba za a iya jiran damina ba, akwai alamu. Ka duba ko daɓen ɗakin ya fi titi tudu ko titi ya fi shi. Ka duba bangon maƙwabta, wanda ba a yi wa fenti ba, ko akwai layin ruwa. Idan ka ga kowa a layin ya ɗaga dakalin ƙofarsa, ko ya jera buhunan yashi, ka san dalili. Idan tsofaffin unguwa suka ce da can a nan ake noman rake ko shinkafa, to fadama ce, kuma ruwa yakan koma inda ya saba ko bayan shekara nawa.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Yuli na 2012 an yi ruwa mai ƙarfi a Jos, dam ɗin Lamingo ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi ta Rikkos da unguwannin da ke kusa da rafin, fiye da mutum 30 suka rasu, gidaje da yawa suka rushe. A ambaliyar 2022 kuma fiye da mutum 600 ne suka rasu a faɗin Nijeriya. Gidan bakin rafi yana da araha, amma an ce araha ba ta ado.

A nan Filato muna da wata damuwa tamu. Tun farkon shekarun 1900 ake haƙar kuza, kuma wajen Bukuru da Barkin Ladi akwai tsofaffin ramuka da tafkuna da aikin ya bari. Waɗansu an cike su da ƙasa an yi gini a kai. Ƙasar ciko takan zauna a hankali, gini ya tsage. Ka tambaya ko wurin ciko ne. Idan akwai tafkin kuza kusa, ka tuna da ƙananan yara, domin irin tafkin nan yana da zurfi tun daga bakinsa.

Ka ɗaga kai sama kuma. Babban layin wutar lantarki yana da filinsa da aka hana gini a ciki: mita 50 ga layi mai ƙarfin kilobolt 330, wato 25 kowane gefe, da mita 30 ga mai 132, wato 15 kowane gefe. Haka ma bakin babban titi da layin dogo suna da nasu filin. Gidan da ya shiga irin wannan wuri, ranar da hukumar tsara gari ta zo da jan fenti ba ka da abin cewa.

Ka zo da naka birkila

Kada ka dogara da magini da dillali ya kawo. Ka ɗauki birkila da kafinta da ka sani, ka biya su kuɗin yini guda. Wannan ɗan kuɗi yana iya ceton dukiyarka duka. Ga abin da za ku duba tare:

1. Tsagewar bango. Siririyar tsaga a jikin filasta ba abin tsoro ba ce. Amma tsagar da ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, wadda tsinken ashana yake shiga, ko wadda ake gani ciki da waje, tana nuna harsashin ginin yana motsi. Ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta ita ma shaida ce.

2. Bulo. A sami wurin da ba a yi filasta ba a kankare da ƙusa. Idan yana zuba kamar gari, an yi wa siminti rowa. A tabbatar kuma ko bulon siminti ne ko tubalin ƙasa da aka shafe da siminti. Ginin ƙasa ba laifi ba ne, a cikinsa muka girma, amma kada a sayar maka da shi a farashin bulo.

3. Rufi. Kafinta ya hau cikin silin da tocila. Ya duba katako ko gara ta ci, ya duba kwano ko haske yana shigowa ta huji. Tabon ruwa a silin yana nuna yoyo.

4. Gindin bango. Idan fenti yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, ko akwai fari-fari kamar kanwa, danshi ne yake hawa daga ƙasa. Irin ɗakin nan yana ɓata hatsi, yana kuma damun masu ciwon ƙirji.

5. Rijiya da masai. A auna tsakaninsu da taku. Ƙa'idar masu aikin tsabta ita ce a bar aƙalla mita 30, wato wajen taku 40 na babban mutum, kuma masai ya kasance ta gangare. Fulotin da aka saba yankawa a gari ƙafa 50 ne da ƙafa 100, tsawonsa duka bai wuce mita 30 da 'yan kai ba, saboda haka a duba har da masan maƙwabci da ke bayan katanga. Rijiyar da ke kusa da masai ita ce hanyar taifot da kwalara. A tambaya kuma ko rijiyar tana ƙafewa a watan Maris da Afrilu.

Wane ne mai gidan?

'Yan'uwa, a nan ne mutane suka fi yin asara. Kun sha ganin gidaje a gari da aka rubuta a bangonsu da Turanci cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Masu gidajen sun rubuta haka ne domin akwai masu sayar da abin da ba nasu ba. Dillali ɗan tsakani ne kawai, la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, saboda haka ba aikinsa ba ne ya nuna maka aibin gida. Ka ce sai ka ga mai gidan ido da ido, da katin shaidarsa, sunan kuma ya yi daidai da na takarda. Idan aka ce ya yi tafiya, ka jira ya dawo. Ba a cinikin biri a sama.

Ka koma unguwar kai kaɗai, ba tare da dillali ba. Ka gai da mai unguwa, ka gai da maƙwabta na dama da hagu da na baya. Ka tambaye su wa ya gina gidan, hannu nawa ya bi, me ya sa ake sayarwa, ko an taɓa rigimar iyaka, ko akwai shari'a a kansa. Matambayi ba ya ɓata. Ka je da rana, ka je kuma da dare, ka ji yadda unguwar take kwana.

Idan gidan gado ne, a ƙara hankali. Bisa ga shari'ar ƙasarmu, idan babban gida ya sayar da dukiyar iyali ba da yardar sauran manyan iyalin ba, suna iya zuwa kotu a warware cinikin. Idan kuwa waɗansu ne suka sayar ba da babban gida ba, cinikin bai ƙullu ba tun farko. Saboda haka duk magada su zauna, su sa hannu, har da gwauruwar mamacin da 'ya'ya mata. Kada wani ya ce maka mata ba su da magana. A 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a wata shari'a da ta shafi al'adar Igbo, ta yanke cewa al'adar da ta hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki. 'Yar da aka manta da ita yau tana iya dawowa da lauya bayan shekara goma.

Akwai kuma maganar da ba ma son yi, amma dole. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, mutane da yawa daga kowane ɓangare sun bar unguwanninsu, waɗansu sun yi musanyar gida, waɗansu sun sayar da gaggawa, waɗansu kuwa sun gudu sun bar kango. Ba zan ce wa kowa ga inda zai zauna ba, kowa ya duba inda shi da iyalinsa za su yi barci da kwanciyar rai. Amma idan an nuna maka kango mai araha aka ce mai shi ba zai dawo ba, kada ka saya sai ka nemo shi ko magadansa, sun yarda da bakinsu, ka kuma biya su farashin gaskiya. Gudun da mutum ya yi bai raba shi da gidansa ba. Mu da muka san zafin barin gida bai kamata mu ci ribar hawayen wani ba.

Maganar takarda

Tun 1978, lokacin mulkin soja na Janar Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta sa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Abin da mutum yake da shi shi ne ikon zama da amfani. A cikin birni gwamna ne yake ba da wannan iko, shaidarsa ita ce satifiket ɗin mallaka da muke kira C of O, wanda yawanci na shekara 99 ne ga gidan zama. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce take ba da takardar ikon zama ta gargajiya. Dokar ta kuma ce wanda yake da takardar gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Ma'ana, ko ka biya kuɗi an miƙa maka satifiket, aiki bai ƙare ba sai an kai ofishin filaye an amince, an shigar da sunanka.

Takardar mai unguwa ko ta dagaci tana da amfani, gama tana nuna an yi ciniki a gaban shaidu. Amma ita kaɗai ba ta hana gwamnati cewa wurin hanya ne ko filin makaranta, ba ta kuma nuna ko an jinginar da gidan a banki. Wannan sai a ofishin filaye ake ganinsa. A Filato akwai PLAGIS, a Kaduna akwai KADGIS, sauran jihohi ma suna da ma'aikatar filaye da safiyo. Ka karɓi hoton takardar gidan, ka ba lauya ya je ya yi bincike, ko ka je da kanka ka biya kuɗin binciken a karɓi rasit. Za a duba ko lambar takardar gaskiya ce, sunan wa ke kai, ko akwai bashi, ko akwai kuɗin harajin ƙasa da ba a biya ba. Mai gidan da ya ƙi ba da hoton takardarsa ya riga ya ba ka amsa.

Gidaje da yawa a bayan gari ba su da satifiket, sai takardun ciniki daga hannu zuwa hannu. Ba a ce kada a saya ba. Amma a bi takardun ɗaya bayan ɗaya har zuwa ga mai gonar da aka yanka, a kawo safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka a gaban maƙwabta, a tambayi hukumar tsara gari ko wurin yana cikin wani shiri na gwamnati. Bayan an saya kuma a fara neman satifiket nan da nan.

Ranar biyan kuɗi

Kada ka ba da kafin alƙalami mai yawa kafin bincike ya ƙare. Idan dole ne a ba da wani abu, a rubuta cewa za a mayar idan takarda ta sami matsala. Lauyanka ne zai rubuta yarjejeniya, ba na mai sayarwa ba. Idan ba ka iya karatun Turanci ba, a karanta maka a fassara da Hausa ko da yarenku kafin ka dangwala hannu. A biya ta banki, cikin asusun mai gidan da sunansa, ba a hannun dillali ba, gama takardar banki shaida ce da ba ta mantuwa. Ka zo da shaidunka biyu, mutane masu mutunci waɗanda ba tsofaffi tukuf ba, domin wataƙila a neme su bayan shekaru. A ranar ka karɓi takardun asali duka da makullai. Idan akwai 'yan haya a ciki, a san ranar da kuɗinsu zai ƙare. A duba kuma bashin wuta da na ruwa, mai gida ya biya kafin ya tafi.

Ina roƙon iyayenmu maza abu guda. Idan kai da matarka kuka tara kuɗin nan, ita da adashinta da kiwon aladunta ko awakinta, kai da gonarka, to a rubuta sunayenku biyu cikakku a takarda. Mun ga gwauraye da yawa da dangin miji suka fitar daga gidan da suka ɗauki yashinsa a ka. Layi guda a takarda yana hana wannan. A yi hoton takardun kuma a ajiye a wuri biyu, saboda gobara da gara.

A ƙarshe

Duk wanda ya ce maka sai yau, gobe wani zai ɗauka, ka ce masa Allah ya ba wancan sa'a. Gidajen sayarwa ba sa ƙarewa, kuɗinka ne yake ƙarewa. Sauri ya haifi nawa. Wata biyu ko uku na bincike ba kome ba ne a kan gidan da jikokinka za su gada. Kawuna yana nan a gidansa har yanzu, ya kashe sauran kuɗinsa wajen ɗaga daɓe da haƙa lambatu, kuma duk sa'ad da hadari ya haɗu da dare ba ya barci. Shi ne ya ce in ba ku labarinsa, domin kada wani ya zama na huɗu a irin wannan gida.

Idan kun koma, ku gaya wa waɗanda ba su zo ba. Wanda kuma yake cikin ciniki yanzu, ya same ni bayan an tashi mu duba takardunsa tare.